Bugun da Ya Fasa Shuɗin Tulu

Mutanen garinmu sun zalunci Léonie Faucher, kuma a fili suka yi, a gidan burodi da bakin famfo da ƙofar coci. Ni ma ina cikinsu. Ni ne mai gadin ƙofar gidan tsofaffin ma'aikatan tangaran, shekara goma sha ɗaya ke nan tun da ƙirjina ya ƙi hayaƙin tanderu. Abin da na gani a wannan makon zan faɗa, har da rabona na laifin.

A babban ɗakin gidan, bisa kantar marmara ta saman murhu, akwai tulunan fure guda biyu, tagwaye, shuɗi mai duhu da ruwan zinariya, da tsuntsaye a jikinsu. A masana'antar garin Sèvres aka yi su tun ƙasar nan tana da sarki. Wata gwauruwa mai masana'anta ce ta bar wa gidan su a wasiyya. Babu gida a garinmu da hannunsa bai san farin yumɓu ba, amma waɗannan biyun ne muke kai baƙo ya gani.

Ranar Lahadi ta farkon Oktoba, shekara takwas bayan yaƙi, aka dawo daga coci, Sista Odile mai kula da gidan ta shiga ɗakin ta tarar da tulu ɗaya a kan kantar murhun, ɗayan kuma a warwatse a ƙasa.

Kafin a zuba miyar rana an gama yanke hukunci. Léonie ce ke share ɗakin kowace safiya. Shekarunta sittin da uku, kuma tun bara hannunta ya fara 'yar rawa. Shekara arba'in ta yi tana tantance kaya a masana'antun Limoges, ta ɗaga kofi ga haske, ta ƙwanƙwasa shi da farce, ta ji lafiyarsa a kunne. Da ƙarfinta ya ragu sai ta zo tana yi mana shara, a bakin abinci da wani ɗan ɗaki a can ƙarƙashin rufi. Ta ce da ta fita zuwa coci tulunan biyu suna tsaye. Babu wanda ya saurare ta.

Da yamma Clovis Barataud ya zo, shugaban kwamitin gidan. Dillalin tsofaffin tangaran ne, yana da kanti a dandali da mota baƙa, kuma ba a ganinsa sai da safar hannu. Shekara goma da suka wuce ya sauka garinmu, ya ce shi ɗan wani attajirin Bordeaux ne, muka karɓa, don takalminsa ya yi kama da haka. Ya tsaya kan tsingaron ya daɗe yana girgiza kai. Sannan ya ce kada a kira jandarma, wato ɗan sandan garinmu, tsufa ba laifi ba ne. A share a kai jujin bakin kogi inda ake zubar da fasassun kaya, ranar Juma'a kwamiti zai zauna kan batun matar. Kowa ya gane abin da wannan ke nufi: za a karɓe ɗakinta a tura ta gidan gajiyayyu na birni, inda mutum arba'in ke kwana a zaure ɗaya.

Aka watse ana yabon tausayinsa. Washegari matar mai burodi ta ce ta sha jin warin giya a bakin Léonie. Mai wanki ta ce dama girman kai ya yi mata yawa, kullum tana faɗin ba ta taɓa fasa ko faranti ba. Ni kuma da aka tambaye ni na ce hannu idan ya tsufa ya tsufa. Haka na ce, game da matar da ta yi mini jinya wata guda lokacin da ƙirjina ya kwantar da ni.

*

Léonie ba ta kai tsingaron juji ba. Ta tsince su ɗaya bayan ɗaya a rigar aikinta, ta tafi da ƙafa har bayan tashar jirgin ƙasa wurin Martial Pradeau. Ba bincike ta je nema ba. So take a haɗa tulun ko yaya, don kada ɗan'uwansa ya tsaya shi kaɗai.

Martial mai gyaran tangaran ne, yana huda fasasshen kaya ya ɗinke shi da 'yan ƙarafa, ko ya liƙe da danƙo. Amma abin da aka fi saninsa da shi bin sawu ne. Ya san hannun kowane mai zane da kowace masana'anta, ya san kasuwannin tsofaffin kaya daga nan har Poitiers, kuma idan aka sace wa mutum akushi ko tulu, shi ake kira kafin jandarma. Gajere ne, ba ya son gaisuwa mai tsawo.

Ranar Talata da hantsi ya zo ƙofata da akwati a hammata da yatsa biyu a naɗe da tsumma, tsingaron sun yanke shi. Ya ce in kira Sista, in rufe ƙofar babban ɗaki. Ya fito da tulun, wanda ya riga ya haɗa da danƙo, duk jikinsa layi-layi. Ya ajiye shi a kan kantar kusa da ɗan'uwansa, ya ja da baya, ya ce mu duba.

Tulun ya gaza ɗayan tsawo da faɗin yatsa biyu.

Sista ta ce wataƙila wurin haɗawa ne. Martial ya sa hannu a akwatinsa. Ya ciro ƙaramin magagari ya goga a bakin wani tsingaro, ƙarfen ya zame bai bar alama ba. Ya ce kayan Sèvres na wancan zamani jikinsu mai taushi ne, magagari yana cinsa kamar busasshen burodi. Wannan kuwa yumɓunmu ne na Limoges, mai taurin gilashi. An ɗauki zubin na gasken aka zuba wannan, wuta kuma ta cinye rabonta kamar yadda take yi wa duk abin da aka sa mata, shi ya sa ya gajarta. Ni da na yi shekara ashirin a bakin tanderu na san haka sarai, amma ranar Lahadi na tsaya kan tsingaron nan ban duƙa na ɗauki ko ɗaya ba, don na riga na san mai laifi.

"To ina namu?" in ji Sista.

"Wanda ya ɗauke shi ya san tulun da aka sace nemansa ake yi," in ji Martial. "Wanda ya fashe kuwa sai a yi baƙin ciki a share."

Ya roƙe mu mu yi shiru. Amma mai dafa abinci tana bayan ƙofa, kuma kafin a rufe gidan burodi labarin ya zaga gari. Kada ku ɗauka an wanke Léonie. Ƙara mata girma aka yi: jiya mai rawar hannu, yau ɓarauniya. Wa ya san kaya kamarta? Me ya sa ta ɓoye tsingaron? Shugaba Barataud ya aiko cewa da takaici mai yawa, tunda abin ya zama sata, dole jandarma ya halarci zaman Juma'a.

*

Martial ya zauna a bencina ya tambaye ni wa ya shiga gidan lokacin coci. Na ce Likita Nadaud, ya zo duba wani tsoho mai ciwon ƙafa, ya fita da jakarsa a kumbure. A cikin gida kuma babu mai tafiya da ƙafarsa sai Firmin Lajudie, wanda ya rantse ba zai shiga coci ba sai a akwati. Ya ce su ke nan? Na ce su ke nan.

Likita Nadaud yana da kabad uku cike da tangaran, kuma sau uku yana neman kwamiti ya sayar masa da tulunan. Muka same shi yana wanke hannu. Da ya ji abin da ke tafe da mu kunnuwansa suka yi ja. Ya yi ta kewaye-kewaye, daga ƙarshe ya ce zomo ne a jakar. Mijin mai dafa abinci ne ya kama shi da tarko a dajin da ba nasa ba, ya ba shi, shi kuma bai ga dalilin da zai sa ya ƙi zomo ba. Mai dafa abincin ta tabbatar da haka daga baya, tana share hannu a riga tana kallon ƙasa.

"Kuma ka ji, Baba Martial," in ji likitan yana raka mu, "ranar da zan zubar da mutuncina, duka biyun zan kwashe. Me zan yi da ɗaya?"

A hanya Martial ya ce ɓarawon ma da ya so biyun. Jabu ɗaya kawai gare shi.

*

Firmin yana bayan gida cikin kabeji, da kwalba a ɓoye a bokitin ban ruwa. A zamaninsa babu mai yin zubi kamarsa a lardin nan, kuma bai bar kowa ya manta ba. Martial ya buɗe masa akwatin. Firmin ya leƙa, ya shafa hannun tulun da babban yatsa, fuskarsa ta washe.

"Ɗana ne wannan," ya ce. "Wane jaki ya yi masa haka?"

Bai ɓoye komai ba, alfahari ma yake yi. Shekara ashirin da biyar da suka wuce yana aiki a wata masana'anta ta bakin kogi a Limoges, wadda ta daɗe da rufewa. Gwauruwar nan mai tulunan ta ara wa mai masana'antar tulu ɗaya a kwaikwaya. Firmin ya zuba shida. Biyar sun tafi Amurka a jirgin ruwa. Na shidan shuɗinsa ya ɗan zuba a ƙarƙashin hannu, abin da bai kai ƙwayar shinkafa ba, aka ƙi shi. Ya juya tulun ya nuna mana wurin.

Martial ya tambaye shi wa ya ƙi tulun.

"Je ka tambayi wadda kake karewa," in ji Firmin. "Idon mikiya, zuciyar dutse. Wata uku na yi a kan tulun nan, ta kalle shi minti ɗaya."

In faɗi gaskiya, na ji wani ɗan daɗi mara kyau, don idan ita ce, to ban yi mata ƙarya ba.

*

Muka hau bene har ɗakinta. Gado ne da kujera ɗaya da taga mai kallon rufin coci. Akwatin kwali yana buɗe a kan gadon, ta fara ninke kayanta. Ba ta ba ni wurin zama ba.

Ta ce ta tuna tulun. Ita ta ƙi shi, kuma ko yau aka kawo mata shi za ta ƙi shi. Ta yi masa gicciye da jan alli a ƙasansa, ta ɗora shi a allon da ake saukarwa tsakar gidan masana'antar, daga nan kuma ba nata ba ne. Ranar Lahadi da take tsintar tsingaron hawaye ne a idonta, ba ta duba ba, kuma wannan ne abin da ba za ta yafe wa kanta ba.

Martial ya ce ta faɗa masa yadda ake yi a tsakar gidan. Ta ce ai ya sani. Ya ce yana so ya ji daga bakinta.

Duk abin da aka ƙi, a cewarta, masu fasawa ake ba wa, don kada ya fita kasuwa ya ɓata sunan gida. Ba jifa ake yi da shi ba. Mai fasawa zai kifa shi, ya buga 'yar guduma mai tsini sau ɗaya a kan tambarin da ke ƙasa, tambarin ya faɗo a tafinsa kamar ƙwandala, sauran ya rabe. Sai ya jefa tambarin a aljihu, da yamma ya zube wa shugaban ma'aikata a tebur, shaidar cewa bai fita da komai ba. Sau ɗari-ɗari a yini, tun safe har a tashi. Tagarta tana saman wurin, ta ce har a mafarki tana jin ƙarar.

"Wa ke fasawa a wannan shekarar, Iya Léonie?"

"Wa ya sani? Samarin ƙauye ne, su zo su tafi. Aikin da ya fi kowane ƙasƙanci ne a gidan. Mu na sama ba ma kallon fuskarsu."

Martial ya kifa tulun a gwiwarsa. Na ga abin da ban lura da shi ba tun farko. Duk tsingaron sun haɗu sai wuri ɗaya: a tsakiyar ƙasan tulun akwai rami zagayayye, tsagogin duka daga nan suka tashi. Martial ya ce tulun da ya faɗo daga saman murhu a kafaɗa yake fashewa, hannuwansa su fara tashi. Wannan a kife aka buge shi, sannan aka watsa shi a ƙasa. Léonie ta sa yatsa a ramin ta zagaya shi, ta ce ta share ɗakin har ƙarƙashin kujeru, babu wannan gutsuren, sai 'yan karare na hatsi irin wanda ake shirya kaya a ganga da shi.

Wato wani saurayi, shekara ashirin da biyar baya, an ba shi tulu ya fasa, ya ɓoye shi, ya zube wa shugaban ma'aikata tarin tambari da babu wanda zai tsaya dubawa. Ya adana shi duk tsawon shekarun nan, sai ranar Lahadi ya cika aikin.

*

Da muka sauko mai dafa abinci ta ba mu kofi a kicin, da ragowar gurasar tuffa wadda ta fara bushewa. Martial ya ci yanka ɗaya ya ce ba hannunta ba ne. Ta ce a'a, ta Shugaba Barataud ce, duk Lahadin farkon wata yana kawo wa tsofaffi a babban kwandonsa mai murfi.

Martial ya ajiye kofinsa ya juyo gare ni.

"Anselme, na tambaye ka wa ya shiga."

"Ai shi Shugaba ne," na ce.

Ni na buɗe masa ƙofa, ni na cire hulata, ni na ga ya shiga da kwando ya fito da shi bayan rubu'in awa yana riƙe da shi da hannu biyu. An tambaye ni sau biyu, Sista ta tambaya, Martial ya tambaya, sau biyu na lissafa likita da mashayi na tsallake shi, ba don ɓoyewa ba, sai don a kaina mai mota da safar hannu ba ya cikin waɗanda ake tambaya a kansu. Martial ya ce kwando ba shaida ba ne, likita ma jaka gare shi, Firmin kuma yana da lambu gaba ɗaya na binne abu. Ya ce in rufe bakina, tunda na iya.

Ranar Alhamis ya shiga jirgi zuwa Limoges neman sunan mai fasawan. Ya dawo da yamma hannu wofi. Shugaban ma'aikatan ya mutu, takardun masana'antar sun ƙone a yaƙi, tsofaffi goma da ya tambaya babu wanda ya tuna fuskar mai fasawa ko ɗaya. A tashar garinmu ma an ce masa ganguna sittin ake ɗorawa a mako, duk da karan hatsi a ciki, kuma babu mai buɗe masa ko ɗaya sai da takardar hukuma. A ranar Léonie ta ɗaure akwatinta da igiya.

*

Ranar Juma'a da ƙarfe biyu kwamiti ya zauna a babban ɗakin. Barataud yana kan tebur, likita a damansa, Sista a hagu, jandarma Texier a bakin ƙofa da hularsa a gwiwa. An kira Firmin da ni shaida. Léonie tana tsaye da rigarta ta coci, ta ƙi kujera. Rabin garin yana leƙe ta tagogi.

Barataud ya yi magana mai taushi. Ya ce zuciyarsa ba ta so, amma matar ita ta taɓa riƙe jabun, ita ke shiga ɗakin, ita ta ɓoye tsingaron. Martial ya nemi minti biyar. Ya ɗora tulun da ya haɗa a tsaye a tebur, ya fito da fararen kofuna uku na banza da 'yar guduma mai tsini. Ya ce yana so kwamiti ya ga yadda yumɓunmu ke rabewa idan aka buge shi, kafin ya yi bayani. Ya ɗaga yatsunsa masu tsumma ya ce shi ba zai iya ba, Firmin ya taimaka.

Firmin ya ɗaga gudumar kamar zai kashe ɓera, ya kai wa kofin duka a gefe. Gutsattsarin suka tashi har cinyar likita.

"Da safe ka fara yau ko tun jiya ne?" in ji likitan yana kakkaɓe wando.

"Karɓi ka nuna mana, mai zomo."

Aka yi dariya a taga. Martial ya ce ba haka yake so ba, ya tura wa likita kofi na biyu. Likitan ya riƙe shi kamar jariri, ya ɗan taɓa shi sau uku, hannun kofin kawai ya faɗi. Martial ya yi tsaki ya ce wannan ma bai nuna komai ba, ya fara kwance tsumman yatsansa a hankali, yana cewa bari ya gwada da hagu, ko a aika a kira maƙeri. Barataud ya duba agogonsa. Ya sake dubawa.

"Ba ni nan, Pradeau, kada mu kwana."

Ya zare safar hannunsa. Ya ɗauki kofi na uku ya kifa shi a yatsun hagu, ya buga sau ɗaya. Ƙarar ba ta fi ta ƙwanƙwasa ƙofa da farce ba. Kofin ya rabe uku a kan tebur. Hannunsa na hagu ya tafi aljihun 'yar cikinsa ya dawo, yana cewa, "To, mun gani. Mu koma kan batun matar nan."

"Shekara ashirin da biyar rabona da jin wannan ƙarar," in ji Léonie. Ba ta ɗaga murya ba.

Martial ya haɗa yankunan kofin uku ya kifa, ya kifa shuɗin tulun kusa da shi. Rami ɗaya ne, a wuri ɗaya, da tsagogi iri ɗaya.

"Shugaba, me ka sa a aljihu?"

Barataud ya ce bai sa komai ba, kuma na yarda a ransa haka ya ɗauka. Jandarma Texier ya ce ya duba. Ya sa yatsu biyu ya fito da farin gutsure zagayayye da tambari a kai. Ya tsaya yana kallonsa kamar wani ne ya jefa masa.

Ya farfaɗo da sauri, don ya saba magana. Ya ce duk dillalin tangaran ya san yadda ake fasa kofi, ya taɓa gani ana yi, kuma ba zai zauna mai ɗinkin faranti ya ci mutuncinsa ba. Martial ya ce gani ba ya koya wa hannu zuwa aljihu, sai an yi shi sau dubbai ana tsoron shugaban ma'aikata. Ya ce akwai gutsure ɗaya na tulun nan da ba a samu a ɗakin ba, mai jan gicciye, kuma shi yana zaton mai shi bai san ya ɗauka ba. Sannan ya juyo ya tambaye ni, a gaban kowa, wa ya shiga gidan ranar Lahadi da abin da yake sanye da shi.

Wannan karon na faɗa. Na faɗi kwandon, da rubu'in awan, da 'yar cikin siliki mai ruwan toka wadda ba ya sa ta sai Lahadi.

Texier ya sa hularsa ya ce kowa ya zauna inda yake. Minti ashirin ya yi. Ya dawo da 'yar cikin a hannu, ya zazzage aljihunta a tebur. Gutsuren ya faɗo ya yi 'yar rawa ya kwanta, da jan gicciyen da ya koɗe. Martial ya miƙa wa Léonie. Hannunta yana rawa, amma sau ɗaya ta sa shi a ramin ya zauna.

Kafin faɗuwar rana aka buɗe gangar da kantinsa ya kai tasha, wadda aka rubuta wa kayan gilashi zuwa Geneva, tana jiran jirgin Asabar. Tulunmu yana kwance a tsakiyar karan hatsi ko ƙwarzane babu.

*

Abin da Barataud ya ce da ake fita da shi, shi ne har yau yake tafasa mini jini. Bai kalli Léonie ba. Bai ce a yafe masa ba. Ya kama hannun rigar Texier ya roƙe shi, ƙasa-ƙasa, kada a rubuta a takarda cewa ya taɓa yin aikin fasa kaya. Satar bai ji kunyarta ba, tura tsohuwa ta mutu a zauren gajiyayyu bai ji kunyarsa ba. Aikin da ya taɓa ci da guminsa, shi kaɗai ne abin kunya a wurinsa. Kuma mu muka koya masa, mu da muke cire wa safar hannu hula.

Garin bai nemi gafarar Léonie ba. Matar mai burodi ta ce ita dama tun farko mutumin bai kwanta mata ba. Ni na hau benen washegari da hulata a hannu, na tsaya a ƙofarta na faɗi abin da na ce a kanta da abin da na ƙi faɗa. Tana kwance igiyar akwatinta. Ta saurare ni har ƙarshe, sannan ta ce in goge ƙafata kafin in sauka, ta share benen da safe. Har yanzu ita ke goge tulunan, su biyu, kuma ba ta sake zama a bencina ba.

Kotun Limoges ta ɗaure Clovis Barataud shekara uku, aka rufe kantinsa, aka kankare sunansa daga allon ƙofar gidan. A takardar hukuncin, wurin da ake rubuta sana'ar mutum ta asali, an rubuta: mai fasa kaya.